Lambar da Yatsa Kaɗai Ya Sani

Da Taufiƙ ya dawo Garwa daga Duwala, abu biyu ya sauko da su daga mota: kwali cike da makullai marasa mabuɗi, da sunan da ya raɗa wa kansa tun a hanyar Ngaundare, wato Ingénieur, injiniya ke nan da Faransanci. Aikin da ya yi a Duwala riƙe tsani ne. Wani mai saka makullan zamani a gidajen masu hali shi ke hawa, Taufiƙ yana ƙasa ya rungume ƙafar tsanin, in an ce miƙo ya miƙa. Amma a ganinsa wanda ke ƙasa ya fi na sama ganin aiki, don haka babu abin da ya rage masa a ilmin nan sai takardar shaida, ita kuwa bai taɓa ganin ranar da ta buɗe ƙofa ba.

Bai tsaya ko'ina ba sai gidan kawunsa Alhaji Sharif a unguwar Pumpumre. Alhaji jikan fataken Kano ne da suka zo bakin kogin Binuwai da tufafi suka ƙi komawa. Shi sana'ar kifi ya riƙe: ya saro na tafkin Lagdo, ya ajiye a ɗakin sanyin da ya gina a tsakar gida, ya sayar wa 'yan kasuwa. Gidan babba ne, iyalinsa daga ciki, 'yan haya a ɗakunan gaba. Kowace ƙofa da kwaɗonta, kowane kwaɗo da mabuɗinsa a aljihun Alhaji, har mutanen unguwa sukan ji tahowarsa masallaci kafin su gan shi.

"Kawu," in ji Taufiƙ bayan an gaisa, "wannan ƙarfen da kake yawo da shi a aljihu, a Duwala ko jaki ba a ɗora wa."

"Akwai jaki a Duwala?"

"Babu. Ka ga irin ci gaban da nake faɗa maka."

Ya buɗe kwalin ya ciro wani ɗan allo mai maɓallai irin na waya: ɗaya, biyu, uku a sama, huɗu, biyar, shida a tsakiya, bakwai, takwas, tara a ƙarƙashinsu, sifili can ƙasa shi kaɗai kamar gwauro a gidan haya. Ya ce in an saka wannan a ƙofa, mutum ya danna lambar sirri kawai, ƙofa ta buɗe.

"In mutum ya manta lambar fa?"

"Nan ne ilmina ya shigo. Jahili ne ke haddace lamba, Kawu. Mai ilmi siffa yake haddacewa. Dubi nan: biyu, biyar, takwas, sifili, a miƙe daga sama har ƙasa. Me ka gani?"

"Na ga yatsanka."

"Taɓarya ce. Ɗaya, biyar, tara kuwa tsani ne an jingina da bango. Ɗaya, huɗu, bakwai, takwas, tara, mutum ne zaune ya miƙe ƙafa. Kan mutum ba ruwansa da wannan aiki, yatsa ne ke riƙewa. Ni yanzu haka ban san lambar wayata ba, amma yatsan nan ya sani."

Alhaji bai gamsu ba. Sai dai ƙanwarsa, uwar Taufiƙ, ta sha aikowa a nema wa yaron abin yi, ga kuma matarsa Hajiya Sadiƙa ta ce ta gaji da ɗinke aljihun da mabuɗai ke yagawa. Ya ba Taufiƙ ɗaki a gaba, ya ce a gwada makullin a ƙofar gida kaɗai. Taufiƙ ya ji "kaɗai" ɗin, amma bai ajiye ta a ko'ina ba. Kafin la'asar ya kira mai walda ya yanke tsohuwar sakata da mariƙin kwaɗo, don kada, a cewarsa, wani ya yi sha'awar komawa baya.

Lamba ta farko taɓarya ce. 'Yan haya suka koya nan take. Madam Agnès, mutuniyar duwatsun Mokolo mai sayar da bandar kifi a kasuwar Yelwa, ta ce abin ba laifi, ko da kwando a kai ana iya dannawa. Taufiƙ ya koma teburin mai shayi yana ba da labarin yadda ya rufe gidan Alhaji irin rufin da ko soja sai ya nemi izni.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne hannun Madam Agnès. Mai wuni cikin kifi da gishiri, duk abin da ta taɓa sai ya ɗauki ɗanɗano. Ba a jima ba maɓallan nan huɗu na tsakiya suka yi maiƙo suna sheƙi, sauran kuwa ƙura ta rufe su. Maƙwabcinsu Mahamman yana da wani dogon bunsuru mai son gishiri. Wata rana da hantsi bunsurun ya ɗaga ƙafafun gaba ya dafa ƙofar, ya sa harshe ya lashi allon daga sama har ƙasa. Ƙofa ta yi 'yar ƙara ta buɗe. Ya shiga ya tarar da masarar da Hajiya Sadiƙa ta shanya, ya yi abin da ya kawo shi, ya fita.

Taufiƙ ya ce ƙarya ne, wani ne ya bar ƙofa a buɗe. Washegari aka tsaya a inuwar dalbejiya, shi da Alhaji da Georges, ɗan hayan da ke ɗaukar fasinja a babur. Bunsuru ya zo a kan lokacinsa, ya dafa, ya lasa, ya shige, bai ko dube su ba.

"Wa ya ba shi lambar?" in ji Alhaji.

"Ba lamba ya haddace ba, Alaji," in ji Georges. "Siffa ya haddace. Mai ilmi ne."

"Horar da shi aka yi," in ji Taufiƙ. "Ana yi a Duwala. Har makaranta akwai."

Da yamma ya tara mutanen gidan a tsakar gida. Ya ce makulli ba shi da laifi, laifin na lamba ne da ta zauna wuri ɗaya har dabba ta saba da ita. Daga yau lamba ba za ta kwana biyu ba, kullum da asuba zai canza ta. Ba kuwa sai ya bi ɗaki ɗaki yana faɗa ba, domin ya ƙirƙiro tsarin da kowa zai gano ta da kansa, sunansa jerin maƙwabta.

"Lambobi huɗu ne a jere," in ji shi, "kowace tana maƙwabtaka da wadda ta gabace ta a kan allo, ko sama ko ƙasa, ko hagu ko dama. Za mu fara daga mafi ƙanƙanta mu riƙa hawa. Yau ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Gobe wadda ke bin ta."

"Ɗaya, biyu, ɗaya, uku," in ji Georges.

"A'a. Ɗaya da uku ba maƙwabta ba ne, biyu na tsakaninsu. Gobe ɗaya, biyu, ɗaya, huɗu."

"Jibi ɗaya, biyu, ɗaya, biyar ke nan," in ji Madam Agnès.

"Ɗaya da biyar kusurwa ce, Madam. Na kusurwa ba maƙwabci ba ne."

"Ɗakina da na Georges kusurwa ne. Ranar da kunama ta harbe ni, shi ya kai ni asibiti. Kai da ke jikin bangona minshari kake yi."

"A lissafi ba maƙwabcinki ba ne."

"To ranar da ta sake harbina lissafin ya zo ya ɗauke ni."

Taufiƙ ya ce jibi ɗaya, biyu, uku, biyu ce, kuma daga nan ba zai sake faɗa wa kowa ba, domin in ya faɗa ba su koya ba.

Lokacin bazara ne, lokacin da rana a Garwa take dafa ƙwai a kan kujerar babur. Daga ranar kullum da azahar sai ka ga mutanen gidan Alhaji a tsugune a ƙofa, sun zana allon a cikin rairayi suna bi da tsinke suna gardama. Madam Agnès ta fi kowa daɗewa a tsugune, kwandon kifinta a gefe ƙuda na ta sallama. Wata mata mai wucewa ta ɗauka bugun ƙasa ake yi, ta zo ta durƙusa ta ce a duba mata ko mijinta da ya tafi Marwa zai dawo. Madam Agnès ta dubi zanen ta ce, "In ɗan gidan nan ne, ko ya dawo ba zai shiga ba."

Abin ya kai ƙarshensa wata Juma'a. Lambar jiya ɗaya, biyu, biyar, takwas ce, ta yau kuwa babu wanda ya gano ta. Hajiya Sadiƙa tana gidan 'yarta Nafisatu da ke kan gwiwa, Taufiƙ ya tafi Bibemi tallar makulli, wayarsa ba ta shiga, cikin gida babu kowa da zai danna koren maɓallin da ke buɗewa daga ciki. Alhaji ya dawo masallaci cikin babbar rigarsa ya tarar da 'yan haya a tsugune. Ya danna taɓarya, ya danna tsani, ya danna mutum zaune ya miƙe ƙafa, fitilar allon tana kallonsa da jan ido. Daga ƙarshe Georges ya jingina babur da katanga ya riƙe, Alhaji ya taka kujerar ya kama sama. Ya samu ya ɗora ƙafa ɗaya, sai fasassun kwalaben da shi da kansa ya sa aka dasa a kan katangar suka kama hannun rigar. Ya tsaya nan a sama, rabi a titi rabi a gida, daidai lokacin da jama'a ke dawowa daga masallaci.

"Jam na, Alhaji?" in ji wani dattijo Bafillace, ya ɗaga kai yana tambayar lafiya da Fillanci.

"Jam," in ji Alhaji.

"Ana gyara ne?"

"Ana kai."

Ya zame daga cikin rigar ya faɗa ciki da 'yar shara, ya buɗe wa mutane. Rigar ta kwana a kan katanga.

Da Taufiƙ ya dawo aka gaya masa, sai ya girgiza kai irin na malamin da ɗalibai suka ba kunya. "Ɗaya, huɗu, ɗaya, biyu mana. Ai a bayyane take. Gidan biyu ya ƙare, sai a sauka gidan huɗu."

Alhaji ya ce gobe a cire abin nan. Amma kafin gobe Nafisatu ta sauka, ta haifi namiji, jikan Alhaji na fari, hidima ta taso ta danne maganar makulli. Wani abu kuma ya faru da ya ƙara wa Taufiƙ kumburi: ƙorafi ya ɗauke. Aka daina zane a rairayi. Yakan dawo ya tarar kowa na ɗakinsa, babu wanda ya neme shi.

"Madam, yau mece ce lamba?" ya tambayi Madam Agnès wata rana, don ya jarraba ta.

"Ai na riga na shigo, Ingénieur."

Ya je teburin mai shayi ya ba da labarin cewa cikin ɗan lokaci ya koya wa mai sayar da kifi lissafin da ake yi a jami'ar Yawunde. Ya ce mutanen Garwa ba kai ne ba su da shi ba, wanda zai matsa musu ne babu.

Da Alhaji ya tafi Lagdo saro kifin suna, ya dawo ya tarar an yanke kwaɗon ɗakin sanyi. A wurinsa ga allo na ƙifta ido, a saman ƙofar kuma an ɗaura wani ƙarfe mai jan ta ta rufe da kanta.

"Na ce ƙofar gida kaɗai."

"Kawu, surukai za su zo daga Kuseri, 'yan'uwa daga Mindif, gida zai cika da hannuwa. Kifi ba ya ihu in an ɗauke shi. Wannan lambar kuwa ba irin ta 'yan haya ba ce, tsallen doki ce. Wani wasa na ga Turawa na yi a Duwala, doki ya tafi gida biyu ya karkata ɗaya. Lambobi shida, kowace tsalle ɗaya daga 'yar'uwarta. Babu harshen da zai iya lasar wannan."

"Faɗa mini ita."

"Ko ni ban san ta ba. Shi ne tsaron. Ko an kama ni an doke ni, ba ni da abin faɗa."

"Koren maɓallin fita fa? Ban gan shi a ciki ba."

"Da gangan na bar shi a kwali. In ɓarawo ya shiga, da me zai fita? Sai mu zo da safe mu ɗauke shi da sanyinsa."

Mota na jira a sauke kifi, rana na dukansa. Alhaji ya ce a buɗe. Taufiƙ ya runtse ido, yatsansa ya yi tsalle-tsalle a kan allo, ƙofa ta buɗe. Alhaji ya sa aka fara sauke kifi, domin abin ya yi aiki.

Ranar suna gida ya cika har titi. An raɗa suna da safe, an yanka rago an kafa shi a wuta, shi kuwa sai gobe ake rabawa. Abincin rana na baƙi duk yana ɗakin sanyi: giwan ruwa manya-manya, da cinyoyin bijimi, da lemon kwalba. Mata sun ɗora tukwane, Madam Agnès da aka ɗauko don suya ta zuba mai a kasko. Hajiya Sadiƙa ta aika a kira Taufiƙ ya buɗe.

Bai zo da wuri ba. Ya jira sai da surukan Kuseri suka zauna a rumfar da ke fuskantar ɗakin, sannan ya fito cikin sabuwar shadda. Ya miƙa wa Georges wayarsa ya ce ya ɗauki hoto mai motsi, daga gefen da hular ta fi kyau. Ya yi ɗan jawabi a kan Duwala. Ya runtse ido, yatsa ya yi aikinsa, ƙofa ta buɗe, sanyi ya fito kamar hayaƙi. Baƙi suka gyaɗa kai. Madam Agnès ta turo wani dutse da ƙafa ta tokare ƙofar.

"Dutse, Madam? A gaban baƙi?"

Ya sa takalmi ya ture dutsen gefe, ya shiga ya ɗauko babban kifin da hannunsa don a gani a hoto. Ƙarfen nan na sama ya yi abin da aka ɗaura shi ya yi. Ƙofa ta tafi a hankali, cikin ladabi, ta rufe.

Alhaji ya taso da sauri. Ƙofar mai kauri ce, murya ba ta ratsa ta sai ta wani ɗan rami a ƙasa inda ruwan ƙanƙara ke fita. Alhaji ya tattare riga ya durƙusa ya kai kunne wurin.

"Kawu, kada ka damu," in ji ramin. "Danna tsallen doki."

"Faɗi lambar."

"Ai na gaya maka ban san ta ba. Yatsa ne ya sani."

"To turo yatsan ta nan."

Taufiƙ ya gwada. Yatsan ya fito har gaɓa ta biyu, ya yi ɗan motsi a cikin ruwan kifi, ya koma.

"Zan kwatanta maka. Fara daga kusurwar sama ta hagu. Ka tafi gida biyu gefe, ka sauko ɗaya."

"Hagunka ko haguna? Kai kana ciki kana fuskantata."

Ramin ya hau lissafi. Kafin ya amsa, Malam Hamadu, uban mijin Nafisatu, wanda ya zo daga Kuseri, ya taso daga rumfa ya ce a yi masa afuwa, amma shi tun yana saurayi yake kiwon dawaki a bakin kogin Logon, bai taɓa ganin dokin da ya yi tsalle gefe ba. In doki ya yi haka, ciwo ne. Wani daga Mindif ya ce ya taɓa gani, amma maciji ne ya firgita shi. Gardama ta kaure da Hausa da Fillanci da Larabcin Shuwa, kowa na nuna tsallen da hannu. Man Madam Agnès ya fara hayaƙi, ta sauke.

A ciki kuwa Taufiƙ ya fara sanin abin da bai taɓa sani ba. Shi haifaffen Garwa ne, sanyin da ya sani na randa ne. Shaddar nan mai sheƙi ba ta tare komai ba. Kunnuwansa suka fara zafi, gwiwoyinsa suka fara gaisawa da juna, kifaye kuwa sun jeru a kan katako, idanu a buɗe, duk suna kallonsa. Ya zazzage wani buhun kifi ya huda ƙasansa ya zura kai. Yana cikin haka sai ya hangi injin lissafin Alhaji rataye kusa da sikeli. Maɓallai ne a jere uku uku. Zuciyarsa ta dawo wurinta.

"Kawu, na samo allo. Yanzu yatsa zai yi, ido ya karanta. Danna: bakwai, shida, ɗaya, takwas, uku, huɗu."

Alhaji ya miƙe ya danna. Jan ido.

"Ka danna da kyau, Kawu. Yatsanka bai saba ba."

Alhaji ya sake. Jan ido. Georges ya karɓa, waya a hannu ɗaya tana ci gaba da ɗauka, ya danna a karo na uku. Makullin ya saki jiniya. Wannan ma Taufiƙ ne ya ƙara ta, don ɓarawo, kuma ya zaɓi mai ƙarfi. Jariri ya farka ya taya ta. Mata suka fito daga cikin gida, masu wucewa suka shigo daga titi su ga inda gobarar take.

Taufiƙ ya kai injin kusa da ƙwan fitila ya dube shi sosai, abin da bai saba yi wa lambobi ba. Bakwai, takwas, tara ne a sama. Ɗaya, biyu, uku suna ƙasa.

"Kawu," ya ce ta ramin, muryarsa na rawa, "injin lissafinka a kife aka ƙera shi. An cuce ka."

"Da shi nake ciniki tun kafin a haife ka."

"To tun lokacin ake cutarka. Bari in juya shi." Ya juya injin, ƙasa ta koma sama. "Danna uku. Huɗu. Shida. A'a, tara. Tsaya. Shidan ce ta koma tara, taran kuma ta koma shida."

"Wacce zan danna?"

"Danna tsakaninsu."

Alhaji bai danna komai ba. Ya aika a kira mai walda, aka dawo aka ce ya tafi biki Pitowa. Hajiya Sadiƙa ta zo ta tsaya da roba babu komai a ciki, ta ce baƙi sun fara kallon ragon gobe. Uwar Taufiƙ ta durƙusa a bakin ramin tana kiran sunansa, yana amsawa da haƙora. Wasa ya fara fita daga fuskokin mutane. Malam Hamadu ya cire agogo ya naɗe hannun riga, ya ce a samo gatari.

Sai aka ɗauke wuta.

Fankar rumfa ta yi juyi biyu ta tsaya. Jiniya ta mutu a tsakiyar kuka. Daga ƙofar gida aka ji ƙas, daga ɗakin sanyi aka ji ƙas. Georges ya sa ɗan yatsa ya ja ƙofar, ta taho.

Alhaji ya dubi ƙofar, ya dubi allon da ya mutu. "Me ya buɗe ta?"

"An ɗauke wuta ne, Alaji," in ji Madam Agnès. "In an ɗauke duk buɗewa suke yi."

"Tun yaushe?"

"Mu dai ranar da ka hau katanga muka gane. Kana faɗawa ciki aka ɗauke. Da ka jira kaɗan."

"Da haka kuke shiga?"

"Sai mu zauna a inuwa. Ba a daɗewa."

"Me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

"Ai jira nake yi, kamar kullum."

Alhaji ya juya maganar a ransa. "Wato a garin nan, da ake ɗauke wuta safe da yamma, gidana a buɗe yake wuni, a buɗe yake kwana."

"Sai in da wuta," in ji Georges.

Aka fito da Taufiƙ ranga-ranga, buhu a wuya, ɓawon kifi a gira, injin lissafi manne a hannu. Aka zaunar da shi a tsakiyar rana, aka lulluɓe shi da bargo, mutum ɗaya tak a faɗin Garwa da ke neman bargo a watan nan. Jama'a duk suka kewaye shi, wannan na murza ƙafa, wancan na ɗura masa shayi. Da bakinsa ya samu ya haɗu, sai ya dubi surukai.

"Gwaji ne," in ji shi. "Kun dai gani da idonku. Ɓarawo ba ya fita."

A daidai nan fankar rumfa ta fara juyawa. Kowa ya ɗaga kai ya dube ta, sannan kowa ya juya ya dubi ɗakin sanyi. An fito da Taufiƙ, ba a fito da kifi ko ɗaya ba, dutsen kuwa yana can inda takalmi ya tura shi. Ƙofa ta riga ta koma wurinta. Aka ji ƙas.

"Yanzu ai ina waje," in ji Taufiƙ. "A kai ni."

Aka ɗauke shi da bargonsa aka tsayar a gaban allon. Ya runtse ido ya ɗaga yatsa. Yatsan na kakkarwa kamar na mai kaɗa kalangu, duk maɓallin da ya sauka a kai sai ya danna shi sau uku. Jiniya ta dawo, jariri ya dawo.

Alhaji ya ɗaga murya a karo na farko a ranar, don a ji shi a kan jiniyar. "A je a kashe wutar daga compteur."

Georges bai motsa ba. Ya nuna bango da haɓa. Akwatin compteur, wato mitar wuta, na nan inda yake, sai dai a jikin murfinsa ga wani ɗan sabon allo na ƙifta ido.

"Shi ne na ƙarshe a kwali, Kawu," in ji Taufiƙ daga cikin bargo. "Kyauta na yi maka, ta suna."

"Lambarsa fa?"

"Tsallen dokin ne dai. Amma da baya."

Alhaji Sharif ya tsaya ya dubi akwatin, ya dubi ƙofar ɗakin sanyi, ya dubi baƙinsa na Kuseri da na Mindif zaune da wankakkun hannuwa. Sannan ya juya wajen matarsa.

"Hajiya, a kawo mini guduma."

"Ta akwatin ko ta ƙofar?"

Alhaji ya daɗe yana kallon ɗan ƙanwarsa.

"A kawo dai," in ji shi.